Ana yi wa yarona ɗura da kafso idan na tafi aiki

Assalamu alaikum Anti, ya aiki, ya ƙoƙari da jama'a? Don Allah a sakaya sunana.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani asibitin sha-ka-tafi, muna zaune gida ɗaya da Hajiya, mahaifiyar maigidana. Yarona yana da sikila. Tun yana ƙarami yake shan folic acid na ƙarin jini da Paludrine na kariya daga zazzaɓin cizon sauro kullum, kuma waɗannan ba su ba mu wahala ba, domin ana murƙushe su a cokali a haɗa da madara ya shanye. Da ciwon ƙashi ya yawaita sai likita ya ɗora shi kan hydroxyurea, maganin rage tashin ciwon sikila. Shi wannan kafso ne, ba kuma irin wanda ake buɗewa a zazzage a koko ba. Garin cikinsa ba a so ya taɓa fata ko a shaƙe shi, mai taɓa shi sai da safar hannu, mai juna biyu kuwa an fi so ta nisance shi. Ni kuma ciki gare ni. Kin ga ke nan dole yaron ya koyi haɗiya.

Makon nan ƙanwar maigidan ta faɗa min cewa duk ranar da nake aikin safe, Hajiya matse shi take yi tsakanin ƙafafunta, ta kwantar da kansa baya, ta toshe masa hanci, ta tura kafson ta bi da ruwa. A karo na ƙarshe yaron ya ƙware, ya yi ta tari har ya amayar. Babu wanda ya gaya min, kuma ba a san ko maganin ya zauna ko ya fito ba.

Anti, ni na san abin da ɗura ke yi. Yaron da aka toshe wa hanci numfashi yake nema, da ya buɗe baki ya ja iska sai ruwa da ƙwaya su bi hanyar iska maimakon ta abinci. Daga nan sai shaƙewa, ko ruwan ya sauka huhu ya zama ciwon huhu. Mai sikila kuwa babu abin da muke tsoro a kansa kamar ciwon ƙirji. Hajiya ta ce haka ta yi wa 'ya'yanta duka ga su nan da ransu. To a cikinsu wa ke da sikila?

Kuma ba wai na zauna ne ban yi komai ba, kamar yadda take faɗa wa mutane. Na fara koya masa yadda muke koya wa iyaye a wurin aiki. Ba a farawa da magani, ba a kuma farawa ranar da yaro ke cikin ciwo. Ana zaɓar lokacin da yake da lafiya, ba ya jin barci, ya zauna a miƙe kan kujera da kofin ruwa. Da farko ya kurɓi ruwa zalla don maƙogwaro ya jiƙe. Sai a ɗora masa ƙwayar shinkafa dafaffiya guda ɗaya a tsakiyar harshe, ya kurɓi ruwa ya haɗiye. Idan aka sa a bakin harshe ruwa zai ture ta gefen kumatu, idan aka tura can ciki kuma zai yi yunƙurin amai. Idan ta wuce sau biyu ko uku ba gardama, sai a mulmula burodi daidai ƙwayar dawa, gobe daidai wake, a hankali har a kai girman kafson. Minti 5 zuwa 10 ya isa a zama ɗaya. Idan ya kasa sau biyu a jere sai a koma ƙaramin da ya iya, a tashi a kan nasara, a yaba masa.

Na ma nuna masa cewa lomar tuwon da yake haɗiyewa da miyar kuɓewa ba tare da tauna ba ta fi kafson girma nesa ba kusa ba. Ya yi dariya ya yarda. Mun kai daidai wake, Anti. Saura kaɗan.

Akwai batun kai ma, wanda nan ne Hajiya ta fi yin ɓarna. Kafso ba ya nutsewa, yawo yake a saman ruwa. Don haka idan yaro ya cika baki da ruwa, sunkuyar da haɓa zai ɗan yi wajen ƙirji, kafson ya taso ta bayan baki ya wuce. Ƙwaya mai nauyi ita ce ke nutsewa, wannan a bar kai daidai, ko ya kama bakin gorar ruwa da leɓe ya zuƙa, ko a ba shi tsinken shan lemo, hankalinsa ya koma kan zuƙar. Ɗaga kai sama can baya ba ya taimakon ko ɗaya. Na yi mata wannan bayanin tun farko cikin ladabi, ta ce boko ne ke damuna. Ita ce kuma ta taɓa ce masa alewa ce, abin da na hana, domin yaron da ya ɗauki magani alewa wata rana zai ɗauko kwalbar ya sha da kansa.  

Yanzu yaron ko shinkafar ba ya yarda in ɗora masa. Da ya ga kofi sai ya datse haƙora ya fara kuka. Shekararsa 6, na manta ban faɗa ba, kuma yara da yawa tun daga 4 suke iya koya idan ba a tsorata su ba. Duk abin da muka gina ya rushe. Maganin nan kuma ba a wasa da shi, kullum ake sha, ana bin sa da gwajin jini, likita da nauyin yaro ya auna shi. In aka yi ta tsallake kwanaki ina amfaninsa?

Maigidan da na kai wa kuka cewa ya yi taimakona Hajiya take yi, in ba na so in ajiye aiki in zauna in ba shi da kaina. Albashina kuwa da shi ake sayen kafson. Ya san haka sarai. Na yi tunanin mayar da shan maganin dare, lokacin da nake gida, amma ina da makon aikin dare, sannan Hajiya za ta ce na raina ta a gaban jikanta.

Ina so in san yadda zan dawo da yaron kan koyo bayan tsoron da ya shiga, ko in ba shi hutu tukuna alhali maganin ba ya jira. Amma gaskiya Anti, abin da ya fi hana ni barci shi ne Hajiya. Ta wace hanya zan hana ta taɓa maganin nan ba tare da aurena ya girgiza ba? In tafi da ita asibiti likita ya faɗa mata da bakinsa, ko in kai maganar wurin yayan maigidan? Ko in kai yaron gidanmu ya zauna wurin Innata har ya iya? Jibi zan koma aikin safe, don Allah ki amsa min kafin nan.

Taku, mai sauraron shirinku kullum.