Wasiƙa zuwa ga Auta a kan idon nan naki

Assalamu alaikum, Auta.

Bayan gaisuwa da fatan kin samu sauƙi. Yayarki ta gaya mini mako uku ke nan idonki na hagu ya yi ja, haske na damunki, kina ganin wasu ɗige-ɗige suna yawo kamar ƙudaje, kuma wai kin ƙara wa kanki prednisolone, maganin kumburin nan, don kina zaton ciwon gaɓɓanki ne ya hau ido. Ban ji daɗi ba. Ni da na tsufa a aikin jinya, 'yata ce ke rubuta wa kanta magani?

Gaskiya ne, ciwon da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita, irin na gaɓɓanki, yana kumbura cikin ido. Amma tarin fuka ma yana yin haka, kuma a ido kamarsu ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan mutum ɗaya cikin huɗu a duniya ya taɓa ɗaukar ƙwayar. A jikin yawancinsu tana kwance, garkuwa ta danne ta. Ke kuwa magungunanki, prednisolone da allurar adalimumab, aikinsu ke nan su kwantar da garkuwar. In ƙwayar ce ta farka, ƙarin maganin da kika yi fetur kika zuba wa wuta. Kada ki ce mini ai ba kya tari. Da yawa masu tarin fuka na ido ƙirjinsu lafiya lau.

Ki je wajen likitan ido, ba kemis ba, a buɗe ƙwayar idon da magani a leƙa can ciki. In tafiya Kaduna za ta yiwu, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa. Za a ɗauki hoton ƙirji, a yi gwajin fata da ake dubawa bayan awa 48 zuwa 72, ko na jini mai suna IGRA. Ki kai musu duk kwalayen maganinki, domin masu danne garkuwa kan sa gwajin ya nuna babu alhali akwai. Shi ya sa likita ke haɗa gwaji da abin da idonsa ya gani.

In an ce tarin fukar ne, ba abin kunya ba ne, maganin kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati. Wata 2 na farko magani huɗu ne: isoniazid, rifampicin, pyrazinamide da ethambutol. Daga nan biyun farko su ci gaba, jimla aƙalla wata 6, na ido ma sau da yawa akan kai 9. Fitsarinki zai koma ja-ja, har hawaye, kada ki tsorata. Abin da nake so ki sa wa ido shi ne ethambutol, don yana iya taɓa jijiyar gani: ranar da ja da kore suka fara rikice miki, a ranar za ki koma asibiti. Haka in idonki ya yi rawaya ko amai ya matsa. Rifampicin kuma yana rage ƙarfin prednisolone da ƙwayar tazarar haihuwa, ki tambaya.

Prednisolone ɗin kada ki yanke shi kwatsam, likitan ido da na gaɓɓanki su shirya tsakaninsu. Na san halinki, da kin ji sauƙi kike jefar da magani. Wannan karon kullum zan kira in tambaya.

Ki gaida maigidan da yara. Allah Ya ba ki lafiya.

Innarki