Mudu biyu gare ni, na rasa yadda zan tuba

Baba Rabaran, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya da Mama da yara. Ina sauraron shirinka kowane mako, yau dai abin ya zo kaina. Don Allah a sakaya sunana.

Ni gwauruwa ce a Saminaka, 'ya'yana huɗu. Tun da maigidana ya rasu a 2019 nake awon masara da dawa da wake. Wata babbar yaya a kasuwa ce ta koya mini sana'ar, Allah ya saka mata, don ba don ita ba da yarana sun bar makaranta. Ranar da na fara, mudu biyu ta miƙo mini. Ɗaya mai faɗin baki, da shi nake saye hannun manoma, in cika shi ya yi tozo, in kuma tara hannu. Ɗayan an daki gindinsa da taɓarya ya shige ciki, da shi nake sayarwa. Ido ba ya rabe su. Ta ce mini, "Ƙanwata, ribar awo a mudu take." Ban taɓa ɗaukar abin zunubi ba, kasuwa ce kawai.

A watan jiya, a taron Zumuntar Mata, aka ba ni karatu daga Maimaitawar Shari'a 25:13-16, inda aka hana mutum ajiye mudu iri biyu a gidansa, babba da ƙarami. Baba, da bakina na karanta, a tsaye, cikin anko, mata suna ta amin. Muryata ta riƙa rawa, har shugabarmu ta tambaye ni ko zazzaɓi nake. Ni ce kuwa ma'ajin zumunta. Ushirina ban taɓa fasawa ba, ga shi ashe daga gindin wancan mudun yake fitowa.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne maƙwabciyar rumfata, wata Hajiya. Mudunta ɗaya tak. Ta taɓa ce mini addininsu ya yi kashedi mai tsanani a kan tauye mudu, ni kuwa na yi dariya na ce mu ma haka. Ta san abin da ke ƙarƙashin buhuna, ba ta dai taɓa tanka mini ba.

Na gwada. Mako biyu na ɓoye ƙaramin, na auna da babban, na ɗan ƙara kuɗi don kada jari ya karye. Mai saye ya ji farashi sai ya wuce rumfar gaba, bai san nawa ya fi cika ba. Na yi bayani har na gaji. Da lokacin kuɗin makaranta ya zo, Baba, na ciro ƙaramin na ci gaba. Lahadin da ta wuce aka yi Jibin Ubangiji, na zauna a benci ban karɓa ba, 'yata ta fari tana ta kallona.

Na san Zakka mai karɓar haraji, a Luka 19, ya ce zai mayar ninki huɗu ga duk wanda ya cuta. Shi ya san mutanensa. Ni shekara da shekaru ina aunawa matafiya da 'yan ƙauye da ko fuskarsu ban riƙe ba, wa zan mayar wa? In sa a baiko ya wadatar, ko wannan ma wayo ne? Sa'an nan in na faɗa wa fastonmu, ina tsoron a sa ni horo, maganar ta kai kasuwa, ta shafi yayar nan da ta rufa mini asiri. In ajiye ma'ajin tukuna, ko in bar awon gaba ɗaya in nemi wata sana'a, alhali ba ni da jarin wata?

A taya ni da addu'a, Baba. Mudun nan yana cikin jakata yanzu haka, gobe kuma kasuwa.

'Yarka cikin Ubangiji,
daga Saminaka, Jihar Kaduna.