Masu Nazarin Finafinanmu Sun Manta da Kyamara

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Ni malamin Hausa ne a wata makarantar sakandare, na kuma daɗe ina bin shafinku na finafinai. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne wani kundin digiri da ƙanwata ta kawo mini in duba mata kafin ta miƙa.

A kan wani fim mai dogon zango ta yi shi, kuma ta yi ƙoƙari, ba laifi. Babi guda na jigo, babi guda na zubi da tsari, sai na salo, inda ta tsamo karin magana daga bakin 'yan wasa ta jera, ta bi da habaici da zambo. Na karanta shafi sittin da 'yan kai, ban ga wuri ɗaya da ta ce kyamara ta tsaya nan ko ta matsa can ba. Da na tambaye ta, sai ta ce ai abin sauraro ta sa a kunne tana kwafe maganganun, wayar na kife a kan tabarma, don haka ya fi sauri. Wato da a rediyo aka watsa shirin, ko layi ɗaya ba zai canza a kundin ba. Ban ga laifinta ba. Mudun da aka ba ta ke nan, wanda muke auna ƙagaggun labarai da rubutattun waƙoƙi da shi.

A jarida ma, Malam Edita, ka yi haƙuri, kusan haka abin yake. Tambaya biyu ake yi wa kowane fim: ya ɓata tarbiyya ko bai ɓata ba, an kwaikwayi Indiya ko ba a kwaikwaya ba. Tambayoyi ne masu kyau, amma tun 1990 da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano muke juya su kamar waina. Masana sun yi musu aiki mai yawa. Brian Larkin, wani masani da ya zauna a Kano yana bincike, ya bayyana tun 1997 dalilin da ya sa finafinan Indiya suka kwanta wa Bahaushe a rai: auren dole, biyayyar iyaye, kunya tsakanin saurayi da budurwa, duk abubuwan da mai kallo ya sani a gidansu. A 2003 aka yi babban taro a Kano a kan finafinan Hausa, aka buga takardunsa a 2004, Farfesa Abdalla Uba Adamu na cikin waɗanda suka jagoranta, kuma har yau bai ajiye alƙalami ba. An faɗa mana daga ina abin ya zo, da yadda kasuwarsa take. Abin da har yanzu yake da ƙaranci, musamman da harshen Hausa, shi ne yadda aka ƙera fim ɗin kansa.

Ɗauki waƙa. Wanda ya ce rawa da waƙa aro ne ya yi gaskiya, amma bai gama magana ba. Tun da aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Kano a 2001, namiji da mace ba sa taɓa juna a fim, kuma ko babu doka mai kallo ba zai lamunta ba. To ta yaya darakta zai nuna cewa soyayya ta yi nisa? Waƙar ce ke ɗaukar wannan kaya. Cikin minti biyar an canza tufafi sau huɗu, an tashi daga lambu an koma bakin ruwa, zancen wata shida ya wuce, da an dawo sai maganar kai kuɗin aure. Ga kuma kasuwa: a zamanin kaset da faifai, waƙar da ke cikin tallar fim ita ke jawo hankalin dillalai a Ƙofar Wambai, har akan yi waƙa kafin a gama rubuta labari. Mai nazari na iya cewa waƙar wannan fim ta yi aikinta, ta wancan kuwa cusa ta aka yi, ya kuma kawo hujja. Wannan ya fi a yi musu kuɗin goro.

Ko zaman falo. Kowa ya san shi: doguwar kujera, mutum uku a jere suna fuskantar kyamara, ba wanda ya juya mata baya, ita ma ta kafe wuri ɗaya kamar an dasa ta. Gadon wasan dandamali ne da na talabijin, irin wanda aka saba gani a NTA Kaduna da CTV ta Kano, inda da yawan 'yan wasan farko suka goge. Yau akwai matasan daraktoci da suka fara saka kyamara a bayan kafaɗar mai magana, ko su bar ta a kan fuskar wanda ake yi wa faɗa maimakon mai faɗan. Canji ne babba, amma ban taɓa ganin an rubuta sakin layi ɗaya a kansa ba.

Ba kuma cewa nake a ɗauko ma'aunin Amurka a ɗora mana ba. Littattafansu na koyar da rubutun fim cewa suke a shiga fitowa a makare, a fita da wuri, a yanke gaisuwa. A wurinmu gaisuwar kanta labari ce. Wa ya durƙusa, wa ya amsa a taƙaice, wa ya ƙi tambayar mutan gida, a nan mai kallo ke gane cewa akwai wata a ƙasa tun kafin a buɗe baki. Wanda ya yanke ta ya yanke rabin rigimar.

Sai dai akwai jan rai na gaske. A fim ɗin da ƙanwata ta nazarta na sa agogon waya: daga hon ɗin mota, maigadi ya taso da gudu, ya ja ƙofa, mota ta shiga, ta tsaya, Alhaji ya gyara babbar riga, har zuwa sallama, minti ɗaya da daƙiƙa arba'in. Sau uku aka maimaita haka a kashi ɗaya. Na ce wannan cike gurbi ne kawai. Amma can gaba, da yarinyar talakawa ta zo gidan, sai ta ƙwanƙwasa ƙaramar ƙofa, kyamara ta tsaya tare da ita a waje cikin rana, ba a nuna mana cikin gidan ba sam. A nan ƙofar ta yi magana. Aikin mai nazari ne ya raba na farko da na biyu.

Tsarin labarin ma ya sauya a gabanmu. Da, fim kashi na ɗaya da na biyu ne, a yanke shi daidai inda zai sa ka koma shago ka sayi ci gaban. Bayan zuwan Arewa24 a 2014, sannan komawar masu shiryawa YouTube daga wajen 2020, sai ga labari mai zango-zango, kowane mako da ƙugiyarsa. Taurari sun yi yawa, tuna baya ya yi yawa, waƙar rawa ta ragu, kiɗan taushi da doguwar kallon fuska sun maye gurbinta. Wani labarin da zai ƙare a awa biyu sai a ja shi shekara biyu, tun da tsawon shiri da yawan masu kallo su ke kawo kuɗin talla.

Roƙona shi ne ku ware fili, ko sau ɗaya a wata, a ɗauki fitowa guda tak, ta minti uku ko biyar, a warware ta: ina kyamara, ina haske, a ina aka yanke, me kiɗa ke yi. Ku kuma riƙa zantawa da mai ɗaukar hoto da mai tace hoto da mai kula da ci gaban shiri, waɗanda sunayensu ke wucewa a ƙarshe bayan kowa ya tashi. Labarin auren jarumai dai mun ƙoshi.

Ita kuwa ƙanwata, na sa ta sake kallon kashi biyu da murya a kashe. Jiya ta kira ni tana murna, wai ta lura duk fitowar da uwar miji ke ciki a kan kujera take, kyamara na kallonta daga ƙasa, amarya kuma kullum daga sama ake ɗaukarta. Yanzu tana neman babin da za ta saka wannan, don a tsarin da aka ba ta babu gurbinsa.

Wassalam.

Mai karatunku a kullum,
wani malamin Hausa daga Kano