Godiya ga Reshen Kent na Ƙungiyar Butterfly Conservation

Zuwa ga shugabanni da 'yan sa-kai na reshen gundumar Kent da ke Ingila, na ƙungiyar kare malam-buɗe-littafi,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne in gode muku a bainar jama'a kan yadda kuke riƙe mu, mu da ba mu yi karatun ilimin ƙwari ba amma muke kunna fitila a bayan gida muna ƙirga malam-buɗe-littafin dare.

Aikin da nake yabawa shi ne na masu tantance bayanai na gunduma. Mutum zai buɗe tarkonsa na fitila da asuba, ya ɗaga kwalayen ƙwai da ƙwarin suka maƙale a jiki, ya ɗauki hoto, ya rubuta suna da rana da wuri da adadi, ya aika. Ba a karɓa haka nan da ka. Idan abin da aka ce an gani bai dace da watan ko wurin ba, sai a nemi ƙarin hoto, a bayyana wa mutum alamar da ta bambanta wannan da makamancinsa, cikin mutunci. Akwai irin da hoto ma ba ya raba gardama, sai an duba al'aurarsa ta madubin ƙara girma, kuma kukan faɗa wa mutum hakan kai tsaye. A Birtaniya akwai nau'in malam-buɗe-littafin dare kusan 2,500. Wanda yake zaune da dare yana duba hotunan baƙi ɗaya bayan ɗaya, ba ko sisi, ya cancanci a gaishe shi.

Ni abin da ya fi burge ni shi ne ba ku raina bayanin nau'in da kowa ke gani. Kowa na son ya wayi gari da Clifden Nonpareil a tarkonsa, ƙaton nan mai shuɗin zane a fiffiken baya, wanda ya ɓace daga Ingila a shekarun 1960 sannan ya dawo yana hayayyafa a kudancin ƙasar. To amma ku kun sha faɗa mana cewa ƙirgen na yau da kullum shi ke nuna inda aka dosa. Rahoton da ƙungiyarku ta fitar a 2021 ya nuna yawan manyan malam-buɗe-littafin dare a Birtaniya ya ragu da kashi 33 cikin 100 tsakanin 1968 da 2017, kuma kudu ta fi jin jiki. Littafin taswirarsu da aka fitar a 2019 an gina shi ne kan bayanai sama da miliyan 25, mafi yawansu daga hannun 'yan sa-kai.

Kent kuwa tana da nata kayan alfahari. Black-veined Moth, fari mai baƙaƙen jijiyoyi a fiffike, a duk Birtaniya ba a samunsa sai a 'yan filayen ciyawa na ƙasar alli da ke gabashin gundumar, wajen ƙauyen Wye. Sussex Emerald, duk da yana ɗauke da sunan gundumar Sussex, a tsakuwar gaɓar tekun Dungeness da ke Kent ya yi gida, tsutsarsa na cin karas ɗin daji. Fisher's Estuarine Moth kuma ya dogara ne kan tsiro guda, a bakin tekun arewacin Kent da gundumar Essex. Ta shirinku na Kent's Magnificent Moths ne da yawanmu muka fara sanin waɗannan, muka kuma fahimci dalilin da ya sa ba a yayata ainihin wurin da wasunsu suke: ƙafar masu kallo ma tana iya tattake ciyawar da tsutsa ke ci.

Roƙona guda ne. Ku ƙara yawan zaman koyarwa na sababbin shiga a garuruwa, musamman a ƙarshen mako, domin masu aikin dare da masu ƙananan yara su samu halarta.

Allah ya ƙara muku haƙuri da mu, ya saka da alheri.

Naku,
Wani mai tarkon fitila, Ashford, Kent