Amsa ga Hajiya kan gwajin numfashi da maganin asma

Assalamu alaikum Hajiya, ranki ya daɗe.

A taron lafiya da aka yi a Garwa kin tambaye ni a bainar jama'a cewa ƙaninki da ke Faransa sai ya hura wata na'ura kafin likita ya ƙara masa maganin asma ko ya rage, alhali 'yarki an ba ta maganin shaƙa mai sitiroid ba tare da gwaji ba, shin ba canki-canka ake yi mata ba?

Tushen asma kumburi ne a hanyoyin iska na huhu. Ventolin, maganin shaƙar da ake amfani da shi idan numfashi ya toshe, buɗe hanyar kawai yake yi na 'yan awoyi, amma sitiroid na shaƙa, irin beklometazon ko budesonid, shi ke kwantar da kumburin. Na'urar da ƙaninki ke hurawa tana auna iskar naitirik oksaid, wadda ke ƙaruwa a numfashi idan akwai irin kumburin da ke jin sitiroid. Mutum yakan hura a hankali kamar sakan 10. A ƙa'idar da ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka ta fitar a 2011, babba idan awonsa bai kai 25 ba da wuya ƙarin sitiroid ya amfane shi, idan ya haura 50 kuwa galibi zai amfana. Ga yara 20 ne da 35. Abin da na fi so da gwajin shi ne yakan tona asiri, domin idan awo ya ƙi sauka alhali an rubuta magani, sau da yawa ba a shaƙarsa ne, ko kuma ana fesa shi a kan harshe bai isa huhu ba.

Sai dai gwajin ba alƙali ba ne. Taba sigari tana saukar da awon, atishawar alaji tana ɗaga shi. Ƙirga eyosinofil, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini da kan ƙaru idan akwai irin wannan kumburin, ya fi sauƙin samu a wurinmu, amma tsutsar ciki da tsargiya su ma suna ɗaga su, saboda haka yaron da ke wanka a Binuwai ko yake shiga gonakin shinkafa na Yagwa zai iya nuna adadi mai yawa wanda ba daga huhunsa ya fito ba.

Likitan 'yarki ba lalube yake yi a duhu ba, muddin yana tambayar sau nawa tari ke tashinta da dare, da sau nawa take neman Ventolin a mako, musamman lokacin hunturu da ƙura ke turnuƙe gari. Ki riƙa rubuta waɗannan a takarda, ki zo da abin shaƙar ta gwada a gabansa, ta kuma kurkure baki bayan kowace shaƙa.

Ina roƙonki don Allah kada rashin na'ura ya sa ki dakatar da maganin don ta ji sauƙi, kuma kada ki musanya shi da ƙwayar dezametazon ta kasuwa, wadda yawan shanta ke kumbura fuska, ya jawo ciwon suga da hawan jini, ya kuma tauye girman yaro.

Allah ya ba ta lafiya.

Ɗanki, ma'aikacin lafiya a Garwa