Sanarwa kan jinyar iyayenmu

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah a daure a karanta.

Kusan kullum sai wani cikinmu ya kawo kuka ɗaya, ga ofis ƙarfe 8, ga kai yara makaranta da ɗauko su a wuce da su islamiyya, ga Baba ko Inna a gida da hawan jini ko suga, kuma ranar ganin likita ba ta faɗowa sai ranar aiki, mutum ya fita tun asuba ya yini a asibiti, ya dawo ko girki bai iya ba. Wallahi abin yana taɓa ni.

Shi ne muka ce mu fara karɓa-karɓa unguwa unguwa a nan Gombe, ƴan Pantami tare, ƴan Bolari da Jekadafari tare, Tumfure su ma. Ranar da kike asibiti da Inna wata ta ɗauko miki yara. Mai na'urar awon hawan jini a gida ya faɗa mana, in awo yana ta wuce 140/90 kar a zauna, a koma wurin likita. A rubuta sunan kowane magani da lokacinsa a manna a bango, tsoho mai suga kar ya sha magani ya ƙi cin abinci. A kuma bincika rajistar GoHealth, wato shirin inshorar lafiya na jihar Gombe.

Maza kuma don Allah, mahaifiyarka ce fa, kar ka sakar wa matarka komai.

Mai so ya turo unguwarsa kafin Juma'a. Allah ya ba iyayenmu lafiya.