Baba, Ga Amsar Tambayarka Kan Kashe Sabis

Assalamu alaikum Baba. Ina fatan kana lafiya, da iyali, da jama'ar Tsafe baki ɗaya.

A shirin rediyon da aka gayyace ni kan matsalar tsaro, ka bugo waya ana dab da rufewa, ka jefo mini tambaya mai harshe biyu. Ka ce mu 'yan boko da muke ta kukan kada a sake kashe sabis mu faɗa maka, tsakanin ran mutum da layin waya wanne ya fi. Ka kuma ce gwamnatin da ba ta isa ta kashe abin da ke cikin ƙasarta ba, ai ba gwamnati ba ce. Kafin in buɗe baki mai gabatarwa ya ce lokaci ya ƙure. Tambayar dattijo ba a barinta a rataye, kuma tunda a fili ka yi ta, ga amsa a fili.

Rai ya fi, Baba. Wannan ba abin musu ba ne. Ikon kashewa kuma gwamnati tana da shi, har ya fi yadda kake zato. Sashe na 148 na Dokar Sadarwa ta 2003 ya ba hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, wato NCC, damar dakatar da layi ko karɓe ragamarsa idan an shiga halin ko-ta-kwana ko don tsaron jama'a. Ko babu wannan sashe ma, wuyan kowane kamfani yana hannun hukuma, domin da lasisi yake aiki. A gwanjon 2001, dala miliyan 285 kowane kamfani ya biya kafin a ba shi izinin kafa ƙarfe ko ɗaya. A 2015 aka ci MTN tarar sama da naira tiriliyan ɗaya kan layuka miliyan 5.1 da ba a yi wa rajista ba, aka yi ta kai-komo har aka sauko zuwa biliyan 330. Tun daga ranar, duk manajan da takardar NCC ta iso teburinsa ba ya tambayar dalili, tambayarsa ita ce ƙarfe nawa za a fara.

Na yi shekaru ina aikin gyaran ƙarafan sabis a yankinku da kudancin Katsina, don haka bari in nuna maka yadda abin yake. Mutane da yawa sun ɗauka sojoji ne ke bi ƙarfe-ƙarfe suna kashewa. Ina! Idan ka shiga harabar ƙarfen, abin da za ka tarar shi ne shingen waya, janareto, tankin gas, akwatin batura, da maigadi a kan tabarmarsa da butarsa a gefe. Babu wanda zai zo ya taɓa ko ɗaya daga cikinsu. Injiniya ne a wani ɗaki mai sanyi a Legas zai buɗe kwamfuta, ya zaɓi jerin tashoshin da aka turo masa, ya kulle su. Janareto na iya ci gaba da ruri, jar fitilar saman ƙarfe tana ƙyaftawa, amma maigadin da ke zaune a gindinsa ko ɗigon sabis babu a wayarsa. Kuma ƙarafan nan a jere suke, wannan yana miƙa wa wancan ta fayafayan da kake gani a jikinsu. Ka kashe uwa, 'ya'yan da ke bayanta sun mutu, ko da suna wata ƙaramar hukumar da ba ta cikin lissafi.

Sauƙin nan shi ne abin da ke ba ni tsoro. Kai soja daji yana cin kuɗi da jini. Gina hanya zuwa Ɗansadau yana cin shekaru. Kashe sabis kuwa takarda ɗaya ce. Ranar 3 ga Satumba 2021 NCC ta rubuta wa kamfanoni cewa su kashe duk tashoshin Zamfara, har da na jihohin maƙwabta da sabis ɗinsu ke tsallakowa, bisa buƙatar Gwamna Bello Matawalle. Mako biyu aka ce. Ka fi ni sanin abin da mako biyun nan ya zama. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, sauran wurare sai wajen ƙarshen Nuwamba. Kafin nan Katsina ta bi sahu da ƙananan hukumomi 13, Sakkwato da 14, Kaduna ma ta rufe wasu sassa. Aka haɗa da rufe kasuwannin mako, da hana sayar da mai a jarka, da hana safarar shanu.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ban raina hujjarka ba. Infoma gaskiya ne. Da waya ake sanar da ɓarayin daji cewa wane ya sayar da shanu, ko motar sojoji ta bar gari, kuma da waya ake cinikin kuɗin fansa. A makonnin farko an rikita musu lissafi. To amma sai me? Mutumin da ke karɓar miliyoyi ba zai rasa wayar oba-oba ba, ba zai rasa Thuraya mai aiki da tauraron ɗan'adam ba. Wanda ke kusa da iyaka, wajen Jibiya ko Sabon Birni, layin Nijar ya ishe shi. In duk sun ƙi, yana da babur da yaran aike. Manomi fa? Da, idan mutanen wani ƙauye suka ga ayarin babura ya gifta da yamma, kafin ƙura ta lafa sun bugo wa ƙauyen gaba, mata da yara sun shige gari ko sun ɓoye, 'yan sa-kai sun fito, wani ya kira DPO. Wannan 'yar wayar ta dubu biyar ita ce kaɗai makamin da talaka ya mallaka, kuma ita aka fara karɓewa. An rufe rijiyar gari ne don ɓarawo ma yana sha, alhali shi yana da tasa a daji.

Ranar 17 ga Oktoba 2021, ana tsakiyar rufewar, aka afka wa kasuwar Goronyo, aka kashe fiye da mutum 40. Bayan nan Gwamna Aminu Tambuwal da kansa ya nemi a sake duba matakin. Wannan harin an ji shi ne saboda girmansa. Na ƙananan ƙauyuka kuwa sai bayan kwanaki, idan wani ya tsira ya iso gari da ƙafa. Shi ya sa nake ɗari-ɗari da masu cewa ai lokacin an samu sauƙi tunda an daina jin labarin hari. Ta ina za a ji?

Sauran wahalar ba sai na tuna maka ba. Ka ga mutanen Gusau suna cika mota zuwa Funtuwa don kawai su buga waya ko su tura kuɗi, da aka kashe ta Funtuwa suka zarce Zariya, a kan hanyar da ita kanta ake tare mutane. Masu POS suka naɗe lema. Aka koma ba direbobi wasiƙa a tasha kamar zamanin da. Mace na naƙuda da dare, babu halin kiran mai mota. Waɗanda 'yan'uwansu ke hannun ɓarayi suka rasa ma yadda za su san ko suna raye.

Akwai wani abin da ba a cika faɗa ba. Duk wayar da ke kunne tana gaya wa ƙarfen da ke kusa da ita inda take, ko ana magana ko ba a yi. Ɗan bindigar da ke ciniki da waya yana barin sawu. Idan aka kashe sabis, gwamnati ta rufe wa kanta ido ke nan. Kuma ai don bin wannan sawun aka sa mu layi a rana tun Disambar 2020 muna haɗa layukanmu da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, har a Afrilun 2022 aka hana layuka sama da miliyan 70 kira. An ce da an gama, duk mai neman kuɗin fansa ya shiga hannu. A farkon 2024 Isa Ali Pantami, ministan da ya jagoranci aikin, ya fito ya koka cewa hukumomin tsaro ba sa amfani da tsarin yadda ya kamata. To ka gani, Baba, iko iri biyu ne a hannun hukuma. Akwai na bibiya, mai buƙatar ƙwararru da haƙuri da jami'in da ba ya cin hanci. Akwai na datsewa, mai buƙatar sa hannu kawai. Na biyun ake yawan ɗauka.

Ba a Zamfara aka fara ba. A Mayun 2013, da Shugaba Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci, sojoji sun sa an kashe layuka a Borno da Yobe da Adamawa. Shekara takwas tsakani. Ka taɓa jin an karanto a rediyo cewa ga abin da aka samu da wancan, ga abin da aka rasa, kafin a maimaita shi a kanku?

Sannan hannun da ya saba da kashewa ba ya tsayawa kan tsaro. Wata uku kafin rufe Zamfara, a Yunin 2021, Twitter ya goge wani saƙon Shugaba Buhari, gwamnati ta fusata, aka umarci kamfanonin nan dai su toshe shi. Kwana 222 aka yi, sai Janairun 2022 aka buɗe, kuma a Yulin shekarar kotun ECOWAS ta ce matakin ya saɓa wa doka. A Nijar, da aka sanar da nasarar Bazoum a Fabrairun 2021 rikici ya tashi a Yamai, intanet ɗin waya ya ɗauke kusan kwana goma. A Chadi, Idriss Deby ya toshe shafukan sada zumunta daga Maris 2018 har Yulin 2019. Kowannensu da sunan zaman lafiya aka yi shi. Mu nan Arewa kuma toshe mu ya fi sauƙi, domin kusan duk manyan wayoyin ƙarƙashin teku a Legas suke sauka, mu a ƙarshen igiya muke. A Maris 2024 da huɗu daga cikinsu suka tsinke a tekun Kwaddibuwa, har bankuna sai da suka ji a jikinsu, ba tare da kowa ya ba da umarni ba.

Inda na yarda da kai ɗari bisa ɗari shi ne, ba na fatan makunnin nan ya fita daga hannun gwamnati. Matasa suna murna da Starlink, wanda ya shigo Najeriya a Janairun 2023, wai ga intanet daga sama wanda ba mai iya kashewa. Su dubi Sudan. A Fabrairun 2024 layukan ƙasar suka ɗauke ana tsakiyar yaƙi, aka ɗora alhakin a kan dakarun RSF masu yaƙi da sojojin gwamnati, kuma a yankunan da suke riƙe da su mutane suka koma biyan kuɗi a wurin masu na'urar Starlink kafin su ji muryar ɗan'uwa ko su karɓi kuɗin abinci. Makunni bai koma hannun talaka ba. Ya koma hannun mai bindiga, da kuma mai kamfanin Starlink, wani attajiri a Amurka da ba wanda ya zaɓe shi. Gara gwamnatin da zan iya kai wa ƙara kotu.

Don haka abin da nake nema bai kai yadda ka zata ba. Idan za a kashe, a buga umarnin kowa ya gani, da sunan wanda ya sa hannu. A faɗi wurin, daji kaza da gundumomi kaza, kada a ce jiha sukutum. A faɗi kwanakin, kuma idan sun cika kada a ƙara ko ɗaya sai alƙali ko majalisa ta ji dalili. A bar ƙofa, domin na'urorin nan suna iya rufe kowa su bar lambobin da aka tantance, irin na hakimi da asibiti da ofishin 'yan sanda, suna kuma iya barin kiran gaggawa na 112. Aiki ne da injiniyoyinmu suka iya, in an tambaye su. Bayan an buɗe kuma, gwamna ya tsaya gaban majalisar jiha ya faɗi ɓarayi nawa aka kama, mutum nawa aka kuɓutar, ƙauye nawa aka ƙona a cikin kwanakin.

Kai kana da bakin da ni ba ni da shi. Ɗan majalisarku yana zuwa gaishe ka, ni sai dai in gan shi a talabijin. In ya zo, ka tambaye shi ko ya taɓa karanta sashe na 148, kuma ko zai kai ƙudurin da zai sa masa wa'adi.

A gaida mutanen gida. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, ya jiƙan waɗanda muka rasa.

Wassalam,
Ɗanka, tsohon ma'aikacin gyaran ƙarafan sabis.